Motar Yashin da Ka Raba Biyu

Assalamu alaikum Baba,

Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. A garejin unguwar Pleasant Garden nake rubuta ta, a kan bodin motarka.

Dattijon da ya ara mana garejin ya sayar da gidan. Ya ce kafin ƙarshen wata mu kwashe komai. Mama ta koma wajen Anti Rabi a unguwar Wendover, can kuwa ko keke ba a samun wurin ajiyewa.

Motar tana nan yadda ka bar ta. Bodin faiba ruwan lemo, mai kama da roba, yana kan tayoyi, tsohuwar mota ƙirar kunkuru da ka saya tana ƙasa, rabi nan rabi can. Kai ka gaya min haka ake yi: a yanke ƙasan kunkuru, a rage masa tsawo, a yi walda, a ɗora bodin, sai ta hau tudun yashi kamar akuya. Ka yanka. Waldar ce ba ka kai ba.

Har yanzu ina jin labarin da kake maimaitawa, na maƙerin kwalekwalen Kaliforniya da ya fara ƙera irin wannan bodi. Jama'a suka kwaikwaye shi, kotu ba ta tsaya masa ba, kamfaninsa ya rufe. Kakan yi dariya in ka zo nan. Ni ban taɓa gane abin dariyar ba.

Na kawo masu walda biyu. Duk sun duba layin allin da ka ja a wurin yankan, danshi ya cinye shi, suka girgiza kai. Ni kuma kwali kawai na iya ɗagawa a siton da nake aiki. Me ya sa ban karɓi ƙarfen waldar ba ranar da ka miƙo min?

Jiya na ɗora kujerar direba a kan ramukan da ka huda mata. Na zauna. Ƙafata ta kai birki daidai. Baba, kai gajere ne. Da kai za ka tuƙa, ko da yatsa ba za ka taɓa shi ba. Tun yaushe ka san ba kai za ka tuƙa ta ba? Lokacin da kake ce mana tarin na sanyi ne?

Ban taɓa gaya maka ba, ina son zuwa bakin tekun da ka ce za mu kai ta.

Ranar Asabar masu sayen ƙarfe za su zo. Na roƙe su su bar min kujerar.

Allah Ya haskaka makwancinka.

Ɗanka mai dogayen ƙafafu,
Nura