Kuɗin Ruwa a Takarda

Garin Karare, daren Laraba, kakar da ta biyo canjin kuɗi, da aka bar fam da sule aka kama naira.

Barci ya ƙi, sai na jawo tawada da ɗan littafina na ajami. Sale, autana, ya dawo daga Katsina rai a ɓace. Gwajin jarrabawar shiga makarantar kasuwanci suka yi, ko rabin maki bai samu ba. Ta gasken kuma tana tafe bayan salla.

Na ce, "Kai da ke lissafin buhunan gyaɗa da ka, me ya kayar da kai?"

Ya ce, "Baba, yawancin tambayoyin na kuɗin ruwa ne. Kai ka rantsar da ni kada hannuna ya taɓa shi. Sai na tsallake su."

Na rantsar da shi, kuma ban janye ba. Na san gidajen da kuɗin ruwa ya cinye a garin nan. Amma yaron ko tuwo bai taɓa ba, makarantar nan ita ce ransa.

Gobe da sassafe zan tafi Runka wurin liman in tambaye shi: bashin da ba wanda ya ci, na takarda kawai, shi ma lissafa ruwansa haramun ne?