Da'irar da Nana Ta Ƙi Rufewa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ta kamaci ɗiya ga uwarta, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin rahamar Ubangiji a duk inda kike. Da gangan na ce a duk inda kike, domin tun ranar Talata na rasa inda zan ajiye ki a raina.

Har yanzu ina nan Wurno ina fama da 'yan ajin share fage, masu majina da tambayar tsiya. Wannan makon siffofi muke koyo. Littafi ya ce da'ira, alwatika, murabba'i, ni kuwa na san in na tsaya gaban allo ina jero musu waɗannan sunaye barci za su yi. Sai na ɗebo yumɓu a bakin fadama, na haɗo da karan dawa da faifai, muka baje a gindin dalbejiya.

Wajenki na samo wannan dabara. Ina tuna ki a bayan ɗakinmu na ƙauye, can gabas da Rabah, kina ginin tukwane muna ɓata miki laka. Don ki samu sararin aiki sai ki share ƙasa da tafin hannu ki yi mana zane. Mai kusurwa uku, duwatsun murhu. Mai kusurwa huɗu, ɗakin Malam mahaifinmu. Zagayayye kuwa sai ki ja shi a hankali kina cewa, "Tahi, tahi, tahi, komo gida," har bakinsa ya haɗu. Da yatsan tsakiya kike zane, saboda manuniyarki ta ƙage tun wani tsohon ciwo, kullum a lanƙwashe take. Mu yi ta yi miki dariya, ki ce mu bari ki gama tukunyar nan za mu gane kurenmu.

Shekara uku ke nan da 'yan bindiga suka tare motarku kuna dawowa daga kasuwa, suka shige daji da ku. Bayan wata biyar wani da ya kuɓuto ya samu Yaya Sani, ya ce ya ga zazzaɓi ya kwantar da ke kuma ba ki tashi ba. Muka karɓi gaisuwa, muka yi sadaka. Ni da hannuna na raba zannuwanki. Yau zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: har sauƙi na ji a lokacin, don jiran ya fi ƙarfina. Ban sake tambayar kowa ba.

Akwai wata yarinya a ajina, Nana, ba ta wuce shekara shida ba. Bayan girbin bara aka sako su daga daji ita da gwaggonta. Ba ta wasa, magana ma sai ta kama dole.

Ranar Talata da hantsi na ce kowa ya zana da'ira a ƙasa kafin mu taɓa laka. Ina zagawa ina gyara musu, sai na ga Nana ta share gabanta da tafin hannu. Ta lanƙwashe manuniyarta, lafiyayyen yatsa, ta sa na tsakiya. Tana ja a hankali bakinta yana motsi. Na durƙusa kusa da ita.

"Tahi, tahi, tahi," take cewa.

Inna, ban taɓa furta waɗannan kalmomi a aji ba, ko sau ɗaya, don na san kuka zai ƙwace mini. Na tambaye ta wa ya koya mata.

Ta ce, "Wata tsohuwa ta, wadda ka zama da mu ƙarƙashin icce in an raba mu da manya. In munka hwara kuka sai ta ce mu zo mu yi gida, kar masu bindiga su ji."

Da aka tashi na bi ta har wajen gwaggonta. Matar ta ce, "Malama, ni ban gan ta da idona ba. Yaran dai ka maganatta." Ta tabbatar mini daminar bara ce, wato fiye da shekara guda bayan mun karɓi gaisuwarki.

Ko dai kina raye lokacin da nake raba zannuwanki, ko kuma ban san wa ya zauna da yaran nan a gindin itacen ba. Duka biyun tsoro suke ba ni, na farkon kuma da kunya a cikinsa.

Washegari muka mulmula yumɓu kamar igiya muka naɗe. Kowa ya haɗe bakin tasa da'irar, ban da Nana. Ta bar ɗan gurbi, faɗin yatsa guda. Na ce ta rufe mana.

"Tac ce kar a ruhe sai an komo gida."

Na ce ai ta komo.

Ta dube ni ta ce, "Ita ba ta komo ba."

Na ɗauko da'irar, tana nan kan tagata ta bushe yadda take. Gobe zan hau mashin in je wurin Yaya Sani. Zai ce na tayar da abin da ya kwanta, matarsa za ta ce maganar yara ce. Su ce. Za mu nemo mutumin nan da ya kawo labarin rasuwarki, mu bi duk wanda aka sako bara, mu yi tambayar da ya kamata in yi tun farko. Ki yafe mini, Innata, na gaji da wuri.

Ya Allah, in ta riga mu gidan gaskiya, Ka jiƙan ta, Ka saka mata da yaran da ta rarrasa. In kuwa tana can tana jan yatsa a ƙasa, Ka ba ta ƙarfin ƙarasa zanen, Ka komo mana da ita gida. Amin.

Ɗiyarki mai ɓata miki laka,
Hadiza