Yaran Yaye Ba Su Shiga Ƙwaryarku Ba

Zuwa ga Shugaban masu auna lafiyar yara da suka zo ƙauyukan Gaya da Ajingi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka. Ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Balan. Sai da na girma na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka a yi haƙuri da rubutuna.

Ranka ya daɗe, a daminar bana ma'aikatanka sun shigo gidanmu. Sun ce ba za su iya auna kowane yaro ba, shi ya sa ake rubuta sunayen ƙananan yaran gida, a naɗe takardun, a zuba a ƙwarya, a zaro ɗaya. Wanda ƙuri'a ta faɗa wa, shi ake ɗaura wa ma'auni a damtse. Na gane wannan, kuma ban ga zalunci a ciki ba. Mai sayen gero a kasuwar Gaya ma ba ya zazzage buhu, hannu yake zurawa ya ɗebo. Yanzu malamar asibiti ta gaya mana cewa awonku ya nuna tamowa ta yi sauƙi a yankinmu, saboda haka za a rufe wurin ba da maganin tamowa bayan kaka.

Ga abin da na gani.

Na ɗaya. A wajenmu idan aka yaye yaro, gidan kakarsa ake kai shi har ya manta nono. Lokacin da kuka zo, 'yata tana wajen mahaifiyata a wani ƙauyen Ajingi. Ma'aikatanka sun tambayi yaran da suka kwana a gidan, ba ta cikinsu. Da wasu ma'aikatan suka je gidan mahaifiyata, sun tambayi 'ya'yan gidan, aka ce ita baƙuwa ce. Ba a rubuta ta a nan ba, ba a rubuta ta a can ba. Kuma kowace uwa ta san a lokacin yaye yaro yake ramewa.

Na biyu. Mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, balle a gaban baƙi maza. A gidan maƙwabtanmu na ga an tambayi wata yarinya mai aure 'ya'yanta, ta sunkuyar da kai, aka wuce ta. Ɗanta na fari yana kwance a ɗaki.

Na uku. Da aka dawo mini da 'yata, wuyanta ya yi siriri, ƙafafunta sun kumbura. Malamar asibiti ta auna damtsenta, ma'aunin ya tsaya a ja, alamar haɗari. Maganin nan nake karɓo mata duk mako, ta fara tsayawa da kanta. Idan aka rufe wurin, ban san inda zan kai ta ba.

Ba na cewa wani ya yi ƙarya. Kun zaro gaskiya daga abin da ke cikin ƙwarya, amma ramammun ba su shiga ba.

Roƙona shi ne a dakata da rufewar, a sake ƙuri'ar. A zo da mata masu tambaya, su tambayi kakanni da ungozomomi, su kuma tambayi wane yaro aka kai yaye. In an yi haka ƙuri'a ta tsallake 'yata, na yarda.

Na daɗe ban samu haihuwa ba, ita ce ta fari, kuma ita kaɗai ce. Ban taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba. Yau ga shi na rubuta da hannuna: Hauwa'u. A sa shi a ƙwarya.

Allah ya yi maka jagora, ya raya maka zuri'a, ya sa ka gama aiki lafiya.

Wassalam.

Daga mahaifiyarta,
ƙasar Gaya.