Ƙwari Bakwai a Lambun Bubayero

Tumfure, Gombe.

Zuwa ga ƙanena Bubayero,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya. Yaya jikin mahaifiyarmu Dada? Allah ya ba ta sauƙi, kai kuma ya saka maka da alheri kan jinyar da kake yi a Kano.

Ka kwantar da hankalinka game da tumatir ɗinka. Katin gam da ka rataye a lambun yana nan, kuma duk Alhamis ina ƙirga ƙwarin da suka maƙale, yadda ka nuna mini. Makon nan bakwai ne kacal. Tunda ka ce ba a feshi sai sun haura talatin, ko famfon feshin ban taɓa ba. Matarka Najeeba da yara suna gaishe ka.

Naka,
Hamma Joda.

Tumfure, Gombe.

Ƙanena Bubayero,

Ina gaisuwa da fatan alheri. Na ji an sallami Dada, alhamdu lillahi. Na zaɓi takarda a kan waya don ka samu ka karanta sau biyu.

Ranar da na rubuta maka bakwai, ɗari da sha huɗu na ƙirga. Katin ya yi baƙi ƙirin, babu wurin ɗora yatsa. Na cire shi na rataya sabo, ko da malamin gona zai leƙo. Mako huɗu ina haka. Nawa lambun kuwa tun washegari na feshe shi.

Ka tuna taron manoma na bara a Kagarawal? Ka miƙe a gaban jama'a ka ce yayanka feshin jahilci yake yi, ko sauro ya gifta sai ya saɓa famfo. Aka yi ta ƙyaƙyata dariya. Ni da na koya maka riƙon fartanya! Wallahi ban manta ba, kuma ban yi nadama ba.

Yanzu tsutsa ta gama da naka. Ganye ya ƙone, 'ya'yan duk sun huje, wari har bakin hanya. Jiya Najeeba ta shiga da kwando ta fito da shi wayam tana kuka. Ina tsaye ina kallonta.

Nawa ya nuna jajawur, har hannu ya yi mini kaɗan. In ka dawo ka zo da sassafe, zan sa ka cikin masu tsinka. Ka taho da kwandonka, kai dai ba ka da abin zubawa a ciki.

Ka gaida mini Dada da kyau.

Yayanka,
Hamma Joda.