Maigidana Ya Dawo Daga Indiya Ba Ya Son Aljanna

Gwaggo Salamatu, don Allah ki agaza mini da shawara, kaina ya ɗaure.

Ni matar aure ce a Tawa, maigidana malamin lakwal ne, wato makarantar boko. Bara ya raka ƙanensa Nafi'u Indiya neman maganin ƙoda. Allah bai yi ba, Nafi'u ya rasu, can aka binne shi. Maigida ya dawo shi kaɗai, sai sabon ilimi da ya yo mana tsaraba.

Wai a gidan likita ya saba da wani tsoho mai jinyar matarsa, shi ya koya masa cewa duk wahalar duniya daga son abubuwa take. Yanzu kullum bayan asuba sai ya naɗe ƙafafu a tabarma, ya rufe ido yana jan numfashi, awaki na cinye mini shanya a gabansa. Salla dai yana yi, kar in ɗauki alhakinsa. Amma ya ce mu masu roƙon Aljanna 'yan kasuwa ne, ƙoramu da 'ya'yan itace muke ciniki. Shi wayewa yake nema, ransa ya narke kamar ɗigon ruwa a teku, ba ni, ba kai, ba kowa. Mutumin da ta tagar jirgi kawai ya taɓa ganin teku. Kuma wannan da ya rabu da son komai, ranar da fura ba ta ji nono ba har maƙwabta sai sun sani.

Duk wannan zan iya shanyewa. Abin da ke cin raina mahaifiyarsu ce a Barmu. Tun da ya dawo bai taka can ba. Tsohuwa ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba, ta kuma hana a taɓa kayan Nafi'u sai wanda ya rufe masa ido ya zauna gabanta ya faɗa mata da bakinsa. Dangi har daga Affala sun je gaisuwa, shi yana nan yana numfashi. Da na yi magana ya ce kuka na marasa wayewa ne. Jikinta kuwa ya fara ƙi, ina tsoron ta tafi ba su gana ba. Ya bar addini ne? In kai shi wurin liman?

Mai Damuwa, Tawa

'Yata, bar liman ya huta tukuna. Mutumin da yake salla, yake kuma faɗa a kan fura, bai narke ba, ban ga alamar ya kusa ba.

Abin da tsohon ya koya masa ba wasa ba ne a wurin masu shi. Da yawa cikin mabiya littattafan Veda na Hindu sun yi imani rai yana ta dawowa duniya, babban rabo shi ne ya kuɓuta daga wannan zagaye, wasunsu suka ce har ya zama ɗaya da asalinsa. Mu kuwa zuwa ɗaya muke yi, bawa yana nan bawa, kuma kowa zai tashi a matsayin kansa, har ya gane nasa. Maigidanki ya manta cewa a wurinmu ma ƙoramu ba su ne ƙarshen ni'ima ba, yardar Allah da ganinSa sun fi. Zama shiru yana numfashi ba laifi ba ne. Raina roƙon Aljanna kuskure ne, amma gyaransa zai iya jira, surukarki ce ba lallai ta jira ba.

Ke ma da naki laifin. Kin sa ido a kan furarsa, ba ki tambaye shi abin da ya gani ba. Ya fita da ƙanensa a raye, ya tsaya bakin kabarinsa cikin mutanen da ba ya jin harshensu. Irin wannan in aka ce masa akwai inda ba a kewar kowa, hannu bibbiyu zai karɓa. Idon mahaifiyarsa yake gudu, Aljanna tsautsayi ne ya faɗa mata.

Kada ki yi musun addini da shi, malamin lakwal ne, zai kayar da ke. Ki nemi motar Barmu, ki ce ke za ki, ya raka ki ko bakin zaure ne. In ya yi kuka a hanya, kada ki tuna masa abin da ya faɗa. Tsohuwa ba ta neman dogon bayani. So take ta ji an yi wa ɗanta wanka da salla, an fuskantar da shi alƙibla, kuma duk ƙasar nan shi kaɗai ne zai iya ce mata an yi.

Allah Ya jiƙan Nafi'u, Ya sa ku tarar da ita tana iya jin magana.

Gwaggo Salamatu