Kafin a Tone Layin Dogo

Ya sanyin idanuna, inuwata idan rana ta take, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasar zuciyata,

Ina gaishe ka, ina kuma gaida kyamararka, duk da haushinta da nake ji don ta fi ni kusa da ƙirjinka.

Jiya ma'aikata suka shafa jan fenti a bangon masana'antarmu ta ɗinkin buhu. An ce da zarar an tone layin dogo za a rushe titin gaba ɗaya, a kafa dogayen benaye. Kowa na tambayar inda zai koma, ni kuwa tambayoyina a kanka suke. Me kake gani a jirgin kayan nan da mu muka gaji da ƙararsa? Me ya sa kake durƙusawa cikin baƙin mai don ka ɗauki tsatsar ƙafafunsa? Wane irin haƙuri ne ke tsayar da kai gaban shagon mai walda, kana jiran hayaƙi ya gitta daidai inda kake so? Ka koya mini wannan kallon, ya hasken safiyata!

Ka tuna ranar da jirgin ya tsaya cak a tsakiyar titi, kai can, ni nan? Ta tsakanin taragu na hango ka, ka sauke kyamara kana dubana, har jirgin ya tashi ba ka ɗauki komai ba. Tun daga wannan rana ɗinkina ya daina tafiya daidai. Shugabarmu ta ce in ban daina leƙen taga ba, za ta juya mini keken in fuskanci bango.

Hoton da ka ba Baba ya iso gida, wanda ka ɗauke shi yana tafe a gaban jirgi da jar tutarsa yana korar masu baro daga hanya. Ya daɗe yana dubawa, ya ce duk shekarun nan bai taɓa ganin kansa a bakin aiki ba. Can ya ɗora yatsa a kusurwar sama, inda tagata ta fito, ya ce, "Yaron nan, ni yake ɗauka ko tagar nan?" Umma ta yi ta dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Na ji cewa idan jirgin ƙarshe ya wuce, wani gari za ka tafi neman wani layin. Mu ma tashi za mu yi. Shin ni ma cikin abubuwan da za a rushe nake, da ake ɗauka don tunawa kawai? Kada ka mai da ni hoto, masoyina. Ina da rai, ina kuma jiranka.

Da safen nan Baba ya naɗe tutarsa, ya ce in faɗa maka ya yi shekaru yana tsayar da mutane, amma kai ya buɗe maka hanya. Ka turo manyanka kafin mu kwashe kaya.

Taka ce ni, duk inda aka kai mu, muddin ina numfashi,
Mai ɗinkin tagar sama