Wa Zai Tafa wa Fara?

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya ƙarfin jiki? Ina fata tarin nan ya sake ka, kuma kana shan magani da kanka, ba sai Mama ta biyo ka da shi har shago ba. Ka gaishe ta, ka gaida Auta.

Na iso lafiya, alhamdu lillahi. Ɗakina tsaf, da taga mai kallon filin wasa, sai dai zaman kamar na asibiti ne. Kullum da safe a zura mana tsinken auduga a hanci har sai hawaye ya zubo, kuma wurin cin abinci an raba mu da gilashi. Ban yi ƙorafi ba. Gasar da annoba ta ɗage shekara guda, muka fid da rai, yau ga ni a cikinta.

Amma akwai abin da ke cin raina. Gwaji ya nuna kocinmu ya kamu, an killace shi. 'Yan kallo kuwa ka san an hana, shi ya sa kake gida. Jiya na shiga filin, kujeru dubbai ba ko mutum ɗaya, wai sai a saki ihun jama'a ta lasifika. Ihu ne kawai, Baba, ba shi da tsari.

Kai ka fi kowa sanin yadda nake dogon tsalle. Tun ina ƙarama kake tafa mini, a hankali da farko, sannan da sauri da sauri, ƙafafuna suna bin hannunka har in taka katakon tashi daidai. A manyan gasa ni ke ɗaga hannu, jama'a su ɗauka. Ko lokacin kulle, da ka share mini lungun bayan shago ka zuba yashi da baro, kana kan benci numfashinka na sarƙewa don ba ka gama warkewa ba, ba ka fasa tafin ba. Sabo turken wawa, yau ga wawar nan ta zo inda ba mai tafawa.

Gwiwata ta riga ta gaya mini wannan ce gasata ta ƙarshe. Ba na kwaɗayin zinariya. So nake in shiga zagayen ƙarshe ko sau ɗaya a rayuwata, ka ga Fararka a talabijin cikin gwanayen duniya.

Af, wadda nake kira Zalɓe ma ta zo, doguwar nan ta wata ƙasa da ta sha gabana a gasa biyu. Har yanzu ba ma ga maciji. Ta wuce ni ba gaisuwa, ni ma na ɗauke kai.

Ka sa ni a addu'a.

'Yarka,
Fara

*

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Na san Auta ya riga ni kawo albishir, amma talabijin ba ta nuna muku komai ba, shi ya sa na zauna rubutu.

Tsalle uku ake ba kowa. Na farko, na taho a guje cikin shirun nan, ba abin da nake ji sai ƙarar takalmina, na zarce katako. Alƙali ya ɗaga jar tuta. Na biyu na ce bari in tafa a zuci, ashe zuciya mai tsoro ba ta iya tafi ba. Na sake zarcewa. Jar tuta.

Aka kira ni na uku. Na tsaya a bakin layi, ban san lokacin da na ɗaga hannu sama ba, kamar yadda na saba roƙon jama'a. Kujeru suka zuba mini ido. Kunya ta rufe ni, na fara sauke hannun.

Sai na ji tafi. Mutum ɗaya ne, daga bencin 'yan wasa. Na waiga, Zalɓe ce, takunkumi a fuska, tana tafawa a hankali irin naka. Ashe duk shekarun da nake harararta, ita tana sauraren irin tafin da ake mini. Sauran 'yan wasa suka ɗauka, har mai share yashi ya jingine abin aikinsa ya shiga. Na taho, suna ƙara sauri ina ƙarawa. Wallahi lungun bayan shago kawai nake gani. Na taka katako, na tashi, na faɗa yashi. Farar tuta!

Ga abin da Auta bai sani ba. Kafin tsallena, Zalɓe ce a gurbin ƙarshe na masu wucewa, kuma ta gama nata tsallen. Allon sakamako yana gabanta, ta san in na faɗi ita ta wuce. Na haye da kyar da siɗin goshi, da abin da bai kai faɗin yatsa biyu ba, kuma ita na ture.

Na nufe ta da kuka zan rungume ta, jami'i ya tare ni, doka ta hana. Muka tsaya nesa da juna. Ba ma jin harshen juna, sai ta nuna kujerun da ba kowa, ta ɗaga kafaɗa, ta buga mini tafi ɗaya. Dokar wurin ita ce wanda ya fita daga gasa ya kama hanyar gida. Da safen nan na hango ta ta taga tana jan akwatinta zuwa mota.

Koci yana samun sauƙi, ya aiko da murna. Jibi ne zagayen ƙarshe, kuma ko ta ƙarshe na zo, na gode wa Allah, na gode maka da hannuwanka. Ka zauna kusa da talabijin ka tafa, zan ji.

Roƙona ɗaya, Baba. In ka ɗaga hannu za ka yi mini addu'a, ka fara da yarinyar nan da ta yi mini rana, sannan ni.

'Yarka mai ƙaunarka,
Fara